Cajar motocin lantarki a gidan mai: ya za a yi kada kamfani ɗaya ya ɗaure mu?

MaiTasha_Kubwa:
Assalamu alaikum injiniyoyi. Muna shirin kafa cajar DC (mai saurin cajin motocin lantarki) mai kilowat 60 a gidan mai kan hanyar Kubwa. Dillali ya yi ragi sosai, amma ya ce sai da manhajar kamfaninsu take aiki. Ina haɗarin yake? Kuma mu ware fili don sayar wa motoci gas ɗin haidirojin?

Injiniya_Wuse:
Wa alaikumus salam, Alhaji. Ruwa ba ya tsami banza: ragin nan a kuɗin manhaja na wata-wata za su fanshe shi. A rubuta cikin yarjejeniya cewa cajar tana jin OCPP 1.6J ko 2.0.1 (OCPP yare ne na bai-ɗaya da caja ke magana da manhajar kowane kamfani), kalmar sirrin saiti tana hannunku, kuma kuna iya sauya adireshin saba (kwamfutar da ke sarrafa cajar ta intanet) da kanku. Kada ku tsaya ga takarda. Kafin cikon kuɗi, a haɗa ta da sabar wani kamfani, a tayar da caji daga can, a tsayar, a duba ko lissafin wutar ya iso. A wasu cajojin OCPP ɗin na nan, amma adireshin a kulle. A 2024 da kamfanin caja na Enel X Way ya rufe harkarsa a Amurka, masu cajojinsa ne suka shiga neman wanda zai karɓi manhajar.

Hajiya_Lantarki:
Ƙari kan na Injiniya, ku kula da bakin caja. Bakin motocin da aka ƙera don kasuwar Sin GB/T ne, na Turai CCS2, tsohuwar Nissan Leaf kuma CHAdeMO. GB/T da tsarin sadarwa na CAN yake magana da mota, CCS2 kuwa da wani daban mai suna PLC, don haka adafta tsakaninsu ƙaramar kwamfuta ce, wani sa'in ta ƙi wata motar sai an sabunta manhajarta. Ku sayi mai baki biyu, GB/T da CCS2. Sannan ku tambayi wa ya ƙera modul ɗin wutar ciki (akwatin da ke juya wutar layi ta zama DC), galibi mai kilowat 20 ko 30 ne. Sukan mutu da ƙurar hunturu da hawa da saukar wuta. Ku ajiye guda ɗaya a sito.

Malam_Gas:
Haidirojin dai a bar shi tukuna, ranka ya daɗe. Ƙananan motoci gas mai matsin bar 700 suke sha (bar ma'aunin matsi ne), bas-bas 350, kuma na 700 sai an sanyaya gas ɗin zuwa kusan digiri 40 ƙasa da sifili. Kwamfireso, injin sanyi da mai kawo gas duk sukan zo a kwangila ɗaya. Ko a Kalifoniya, Shell ya rufe tashoshin haidirojinsa na ƙananan motoci a Fabrairun 2024.