Wai kirifto kuɗi ne ko iska? Muhawarar da ta kaure a gurup ɗin gidanmu

Abba: Assalamu alaikum 'yan uwa, ina da shawara kan kuɗin asusun zumuncin nan da ke hannun Yaya Hadiza. Me zai hana mu mayar da ko rabi ne zuwa USDT, kuɗin kirifto na intanet da ke bin farashin dala, in an yarda ma a ɗan jefa kaɗan a Bitcoin? Ku tuna fa kafin watan Yunin 2023 dala wajen 460 take a farashin gwamnati, a 2024 sai da ta haura 1,500, kuɗin suna nan kwance a banki lambarsu ba ta ragu ba amma abin da za su saya a asibiti yau bai kai rabin na da ba

Kawu Isa: Wa alaikumus salam. Abba ka fara ko? Kuɗin marayu da marasa lafiya za ka ɗauka ka kai cikin iska. Shekara talatin ina Kwari ban taɓa ganin wanda ya ɗauki bandir ɗin shadda ya ce ga Bitcoin ba. Abin da ba ka gani ba ka taɓawa ba ka san mai shi ba, ta ina ya zama kuɗi?

Abba: Allah ya ƙara girma Kawu, amma ai kuɗinka na banki ma ba ka taɓa su, lamba ce kawai a waya. Ka manta farkon 2023 lokacin canjin kuɗi? Ni na raka ka layin ATM tun bayan asuba muka dawo hannu biyu, masu POS suna sayar mana da nairarmu, mai shayi ma sai da ya koma karɓar tiransfa

Kawu Isa: Wannan daban. Naira tana da uba, akwai CBN akwai gwamnati. Da aka soke lasisin bankin Heritage a 2024 ba hukumar inshorar ajiyar banki NDIC ta fito ta ce za ta biya kowa har miliyan 5 ba? To shi naka in ya nutse ofishin wa za mu je mu yi kuka? Wanda ya ƙirƙiro shi ma an ce har yau ba a san fuskarsa ba

Abba: Satoshi Nakamoto, eh ba a san shi ba, tun 2009 abin ke tafiya, daga baya ma ya ɓace aka ci gaba ba shi. Kuma ni a wajena nan ƙarfinsa yake, tunda babu wani gwamnan banki da zai tashi da safe ya ce a buga ƙari. Guda miliyan 21 ne ba za a wuce ba, duk bayan shekara huɗu kuma ana rage rabin sabon da ke fitowa, na ƙarshe an yi a Afrilun 2024

Malam Nura: Ku ba ni wuri in tsoma baki, tunda an zo fagena. Kawu, ita kalmar kuɗi ɗin ma jam'in wuri ce, shi ya sa har gobe muke cewa wane ya tara kuɗi wuri na gugar wuri. Kuma wurin nan ba a Kano ake haƙo shi ba, ƙwanson wata halittar teku ne da ake kwasowa tun daga tsibiran Maldibs, ba a ci ba a sha ba a ɗinka riga da shi, ba sarkin da ya buga hatiminsa a jiki, amma da shi kakanninmu suka sayi doki suka biya sadaki suka biya haraji. Baturen nan Barth da ya shigo Kano a 1851 ya tarar ana canjin dalar azurfa ɗaya a kan wuri 2,500. Abin da ya ba shi daraja kawai kowa ya san in ya karɓa yau gobe wani zai karɓa a hannunsa

Abba: Yauwa Malam! Allah ya biya ka, abin da nake ta son in faɗa kenan

Malam Nura: Tsaya tukuna ban gama ba, kar ka yi saurin tafi. Daga baya jiragen Turawa suka dinga jibgo wani wurin mai araha daga gabar gabashin Afirka, ya yi yawa ya faɗi warwas har ɗaukarsa zuwa kasuwa ya zama wahala, Turawan mulki suka zo da sulallansu aka watsar da shi, yau sai dai a wuyan yara ko wajen masu duba. Wanda ya kwana da buhunan wuri a ɗaki ya tashi da tarkace

Kawu Isa: To ka ji! Malam ya gama magana

Abba: A'a Kawu ai ni ya taimaka wa 😂 wuri yawa ne ya kashe shi, Bitcoin kuwa ba jirgin da zai jibgo ƙari

Malam Nura: Bitcoin ɗin ba a ƙara shi, gaskiya ne, amma kullum sai an haifo sabon koyin, dubbai ne yanzu, kowanne da masu yi masa waƙa. Ni jirgin Turawan kenan a wajena

Sadik: Ni dai kar a manta da koyin ɗin Pi a lissafin nan, masu haƙuri su ke da riba, lokaci ne kawai

Yaya Hadiza: Sadik don Allah rufa mana asiri. Ba ku ne kuka cika unguwa da cewa guda ɗaya zai kai dala 314,159 ba, har ana ta cinikin motoci da filaye a baki? Da aka buɗe kasuwarsa a Fabrairun 2025 nawa ya yi, ko dala 3 bai tsaya a kai ba ya gangaro ƙasa da ɗaya. Kafin nan kuma ga wasan Hamster na neman koyin, yara da manya kowa ya duƙufa yana dangwalar waya har a wajen ɗaurin aure

Sadik: Wannan lambar ai ba kamfanin ne ya faɗa ba Yaya, mutane ne suka yi ta yaɗawa

Yaya Hadiza: Oho dai. Ni abin da ya sa ko sunan kirifto ba na son ji, na taɓa ƙonewa. Wata ƙawata ce a wajen aiki ta sa ni a wata manhaja, wai ana yi maka tiredin kana barci, na sa kuɗin adashena dubu ɗari biyu, wata na farko na cire riba har na sayi atamfa na yi wa Abban Ilham burga, sai na mayar da uwar kuɗin da ribar na ƙara da na sarƙata da na sayar. Ranar wata Talata ina kicin na ɗora tuwo na buɗe wayar, sai kawai wani abu ke ta juyawa a sikirin, na ce netwok ne na fita tsakar gida na ɗaga wayar sama, na sake sayen data, ina nan tsaye har tuwon ya kama. Lambar tana nan fa a rubuce, dala kaza, har yau in ka buɗe hoton da na ɗauka za ka gan ta. To Abba wannan lambar da taka meye bambancinsu?

Abba: Wlh Yaya na tausaya miki kuma tambayarki ta fi ta kowa. Bambancin shi ne ke kuɗinki kika miƙa wa wasu suka rubuta miki lamba a shafinsu, irin na MMM ne da ya rufe da mutane a Disambar 2016 da CBEX na 2025, damfara ce tsohuwa aka sa mata sabuwar riga, da naira ma ana yin ta. Ni kuwa nawa yana walet ɗina, wato lalitar kirifto da ke hannuna, ba wanda ya yi min alƙawarin riba. Satin da ya wuce wani da na yi wa aikin zane daga waje ya biya ni USDT 150, na shiga P2P, inda mutum ke sayar wa mutum kai tsaye, na zaɓi mai saye, manhajar ta riƙe koyin ɗin a tsakiya, ban sake shi ba sai da na ji alat ya shigo na buɗe akawun na gani da idona, duka bai fi minti goma ba, da kuɗin na biya kuɗin makarantar Ummi na sayi buhun shinkafar da kuka ci ranar suna. In iska ce to kun ci iska kun ƙoshi

Malam Nura: 😂 Wannan hujja ce. Amma fa ka lura naira ka mayar da shi kafin mai shinkafa ya saurare ka

Abba: Dala ma in ka kai wa mai shinkafa sai ka bi ta Wapa tukuna. Kuma Kawu ya tambayi maƙwabtansa masu sauke kaya daga Chana, da yawansu ta nan suke biyan kuɗin kaya tunda samun dala a banki ya zama aiki

Kawu Isa: Na san suna yi, yaransu ke yi musu. Amma su wucewa suke yi ta ciki kamar gada, ba wanda ke shimfiɗa tabarma a kan gada ya kwana. Kai kuma cewa ka yi mu ajiye. Shi Bitcoin ɗin ba shi ne aka ce ya faɗi ƙasa ba shekarun baya?

Abba: Ya faɗi ba zan ɓoye ba, daga wajen dala 69,000 a Nuwambar 2021 zuwa wajen 16,000 bayan shekara ɗaya da kasuwar kirifto ta FTX ta rushe. Amma a Disambar 2024 ya haura 100,000. Abin da a 2010 wani ya ba da guda 10,000 aka kawo masa fiza biyu. Amurka ma da kanta ta amince a dinga cinikinsa ta kasuwar hannun jari tun Janairun 2024, nan gida CBN da ta hana bankuna taɓa shi a 2021 ta janye a Disambar 2023

Yaya Hadiza: To a ce a wannan shekarar da ya faɗi ne aka kwantar da wani namu za a yi masa tiyata, sai in ce wa likita ya jira 2024?

Abba: Shi ya sa na ce mafi yawa a USDT, shi daidai yake tafiya da dala

Malam Nura: Wa ya ɗaure shi da dalar? Ka faɗa musu gaskiya. Kamfani ne mai suna Tether yake cewa duk guda ɗaya akwai dala ko kadara a ajiye a madadinsa, kuma a 2021 hukuma a Amurka ta ci su tarar dala miliyan 41 kan abin da suka faɗa game da ajiyar nan, suna kuma iya daskarar da walet in an umarce su. Ga wani koyin UST na Terra da shi ma aka ce daidai yake da dala, a Mayun 2022 cikin 'yan kwanaki ya zama toka. Ka ga uban da ka ce Bitcoin ba ya buƙata, shi USDT yana da shi, sai dai ba a garinmu yake ba. Ni ban ce ba shi da daraja ba, abin da miliyoyin mutane ke saye da sayarwa kullum ba za ka ce masa iska ba, Kawu ma ya sani a ransa. Sai dai kuɗin amana ne muke magana a kai. Ga kuma ɓangaren addini, malamai sun rabu, tsohon Muftin Masar Shawki Allam ya haramta shi saboda garari, wato rashin tabbas a ciniki, wasu kuma sun halatta in ba caca aka mayar da shi ba

Kawu Isa: Ni bar ni da ransa, tambaya ɗaya gare ni. Rai na hannun Allah, Abba in ka faɗi yau, ba fata ba, ina kuɗin?

Abba: Akwai kalmomi 12 da ake ba ka lokacin buɗe walet, duk mai su shi ke da kuɗin. Sai in rubuta a takarda in ba Yaya Hadiza ta ajiye

Yaya Hadiza: Wa? Ni? Takardar da in Ilham ta yage ta ta yi jirgi shikenan, in kuma wani ya ɗauki hotonta ya kwashe ba wanda ya sani, a zo ana kallona a taron gida? Ba da ni ba wlh

Sadik: A ba ni ni zan riƙe

Yaya Hadiza: Kai da ka canza waya sau uku bana 🙄

Kawu Isa: To ga abin da za a yi. Kuɗin asusu ba mai taɓa su. Abba ka ware dubu hamsin daga aljihunka ka sa a duk wanda ka ga dama, ni ma zan ba da dubu hamsin a auno min masara a Dawanau da kaka a zuba a sito. Babbar sallah mai zuwa kowa ya kawo nasa gaban Hajiya a ƙirga, ribar wanda ya ci ta shiga asusu

Abba: Na yarda Kawu, amma a rubuta kuɗin sito da maganin ƙwari da na dako a naka lissafin, kuma ko masara ta ci ni wannan bai nuna nawa ba kuɗi ba ne fa

Kawu Isa: Kai ma ka rubuta kuɗin data da cajin waya

Yaya Hadiza: Na yi sikirinshot, ba mai zillewa. Kuma tunda kowa na onlayin, mutum bakwai ba su biya kuɗin watan jiya ba, Abba da Sadik har da ku, kuma naira nake karɓa