Ɗora Oracle RAC a kan Rocky Linux: wa ya taɓa gwadawa?

Mai tambaya, Jidda: Assalamu alaikum. Ina aiki a wani kamfanin jigilar alhazai. Rumbun bayananmu manhajar Oracle 19c ce, a kan saba (manyan kwamfutocin da ke riƙe bayanai) biyu da RAC ya haɗa, wato fasahar Oracle da ke sa su aiki tare kan rumbu ɗaya, dukkansu a kan tsarin aiki na CentOS 7. Tallafin CentOS 7 ya ƙare tun 30 ga Yuni, 2024, kuma mudir, wato manajanmu, yana so mu koma wani tsarin aikin mai suna Rocky Linux, alhali ba ya cikin tsarukan da Oracle ta amince da su. Saura wata uku aikin Hajji ya kankama. Don Allah wanda ya taɓa yin haka ya gaya mini abin da ya gani.

Daga Riyad: Wa'alaikumussalam. Oracle ta buɗe cibiyar bayananta a Jidda tun 2020, ku kwashe komai ku kai can ku huta.

Daga Makka: Ɗana, ni na gani da idona. Wani ɗan kwangila ya ɗora mana shi a kan tsarin da ba a amince da shi ba, ya rubuta wani saiti mai suna CV_ASSUME_DISTID don manhajar girkawa ta ɗauka Oracle Linux ce, wato tsarin aikin Oracle da kanta, ya karɓi kuɗinsa. Mun shekara lafiya lau. A goman ƙarshe na Ramadan aka sabunta kanel (zuciyar tsarin aikin), direban ACFS (tsarin ajiye fayiloli na Oracle) ya ƙi tashi, saba ɗaya ta fice daga gungun, layin jama'a ya kai bakin titi, muka koma rubuta rasit da biro. A ƙasan ɗakin saba na yi sahur da dabino da ruwan gora, sanyin na'ura yana ratsa ƙashina. Da muka nemi kamfanin da ke kula mana, abin da suka fara tambaya shi ne sunan tsarin, kuma da suka ji sai suka ce yarjejeniyarmu ba ta kai nan ba.

Daga Madina: Allah ya kiyaye gaba, Baba. Oracle Linux kyauta ake sauke shi, kuma an amince da shi, don haka ban ga abin da Rocky zai rage muku ba.

Daga Dammam: Ba kyauta ba ne, mu duk shekara muke biya.

Daga Madina: Kuɗin tallafi kuke biya. Tsadar tana kan lasisi, domin RAC kaɗai dala 23,000 ne kowace furosesa a jadawalin farashi.

Daga Dammam: Ba wanda ke biyan farashin jadawali, Malam. Ka taɓa riƙe rumbun da jama'a ke aiki da shi, ko a kwamfutarka kawai ka gwada?

Daga Riyad: A tambayi Baba, shi ne ya yi i'itikafi a ɗakin saba.

Daga Makka: Dariya kuke yi, amma abin da ya fi ƙona mini rai shi ne ɗan kwangilar bai bar mana takarda ko ɗaya ba, har kalmar sirri sai da muka yi kwana biyu muna kiran wayarsa.

Daga Dammam: Namu ma haka ya yi, iƙamarsa, wato takardar izinin zamansa, ta ƙare ya koma ƙasarsu da komai a kansa. Shin akwai wanda ya taɓa riƙe kuɗin ƙarshe har sai an miƙa masa takardun?