Musayar Waƙa: Ɗakin Farko na Ma'aurata

Uwar Jere:
Salamu alaikum 'yan zaure. Jigonmu ɗakin da aka fara kai amarya. Ƙwar huɗu za a yi, wato layi huɗu a kowane baiti, babban amsa-amo "ta".

Ɗakin fari ba a manta shi,
Ko an hau bene an bar shi,
Ƙamshin daɓe da turarenshi
Na nan a zuciyar ma'aurata.

Ran jere gwaggo ce jagora,
Manyan kwalla a ƙasa a tsara,
Samiru bisansu, sai a ƙara
Tasoshi, bango ya ƙawata.

Gado mai rumfa ya shige ƙurya,
Kada ya tare wa ƙofa hanya,
Kaskon wuta gefen amarya,
Kajiji da sandal a turara ta.

Magini Ɗan Birji:
Gwaggo kina ta lissafin kwalla,
Rufin da ya kare su kike mantawa.

Azara daga namijin giginya,
Ita ce gara ba ta iya cinyewa.

Taku shida ne iyakar tsallakenta,
In an wuce haka sai lanƙwashewa.

Ɗaki in ya fi, sai bakan gizo,
Ya raba nauyi, babu rushewa.

A kan azara a shimfiɗa zana,
Sannan ƙasa, a bi ta da dannewa.

A karkata rufi wajen indararo,
Ruwa ya sami hanyar wucewa.

Angon da ya bar yaɓe har Yuni,
Da kwallarki zai kwana yana tarewa.

Ɗan Ƙofar Mata:
Allah ya ja zamaninka Magini! Baitin ƙarshen nan ya gama magana. Masu kwanuka ku tattara.

Hajiya Mai Madaɓi:
Wa zai tattara? Yaro, zauna ka ji.

Magini ka hau soro ka daɗe,
Sauko ƙasa ka ga aikin daɓe,
Tsakuwa da birji a barbaɗe,
Madaɓai na hannun mata.

Ɓawon ɗorawa a jiƙa shi kwana,
Ruwan makuba ya yi ja ya nuna,
A yayyafa, a buga har rana
Ta faɗi, gobe a maimaita.

Daɓen gaggawa shi kan dare,
Ƙuma da tururuwa su tare,
Tsintsiya ta bi shi ta ɓanɓare,
Ƙura ta hau kan kwallarta.

Uwar Jere:
Sannu Yaya Hajiya, kin share mini hawaye. Waƙoƙin da mata ke yi wurin daɓen ma, tsofaffi har yau suna rera su in an tuna musu aurensu.

Malam Arulli:
Kafin a ci gaba. An ce ƙwar huɗu da "ta", Magini ya zo da ƙwar biyu da "wa". Na biyu, "Ruwa ya sami hanyar wucewa" gaɓa 10 ne, "Da kwallarki zai kwana yana tarewa" kuwa 12. Wannan ɗingishi ne.

Ka iya auna azara da taku,
Ɗango ne ka kasa aunawa.

Magini Ɗan Birji:
Malam mai ƙirga gaɓa da yatsa,
Kai ma da "wa" kake amsawa.

Ran da soro ya tsage a Agusta,
Arulli ba ya zuwa toshewa.

Ɗan Ƙofar Mata:
Malam, ai ba yawan gaɓa kaɗai ake dubawa ba, nauyinta ake dubawa, doguwa da gajera. Ka rera ɗangon ka ji, yana hawa.

Malam Arulli:
Na rera. Sai an haɗiye "ya" na "yana" kafin ya hau. Na amsa masa da "wa" ne domin gidansa na je.

Hajiya Mai Madaɓi:
Gaskiyar Malam. Nawa baitocin fa, ka duba su?

Malam Arulli:
Naki sun fi nasa zama, Hajiya, sai dai "daɗe" da "daɓe" maƙwabta ne, ba 'yan gida ɗaya ba.

Baban Kwano:
Ku yi haƙuri na makara, sabis ne ya yanke. Kun tsaya a soro, yaranmu na birni kuwa haya suke kamawa.

Angon yau ciki da falo ya kama,
Kwano ne rufinsa a sama,
Kuɗin shekara ya biya da fama,
Shi ma ɗaki ne na ma'aurata.

Ƙusa a tudun kwano ake kafawa,
In a kwari ce, ruwa ke shigewa,
Tudu biyu a haɗi ake ɗorawa,
Hadarin farko kar ya ɓata.

Katako a shafe shi da baƙin mai,
Gara ta zo ta koma ba ta ci komai,
In babu silin, a Afrilu sosai
Zafi ya kori amarya da tabarmarta.

Magini Ɗan Birji:
Baba, da bakinka ka faɗi zafin,
Soro kuwa sanyi yake riƙewa.

Ɗan Ƙofar Mata:
Ga abin da ke sa soro ya daɗe, Baba, tun da kai ma ƙwar huɗu ka yi:

Katsin marina a ƙone a dake,
Saiwar dafara a jiƙa ta sake,
Gashin jima ya sa su riƙe,
Laso ke nan, ruwa ya huta.

Da rani ake shafa shi, bango a bushe. In da laima a ciki, ɓawo zai yi ya zube.

Malam Arulli:
"Dake", "sake", sannan "riƙe"? "Ke" daban, "ƙe" daban. Mai kare Magini ma yana neman mai kare shi.

Ɗan Ƙofar Mata:
Na Hajiya ka ce maƙwabta ne, nawa ka ce kuskure. Malam, da mudu biyu kake awo. Kawo naka baiti huɗu a kan ɗakin amarya, mu ma mu ƙirga.