Bayan tiyatar cire ƙari daga fituwitari (ƙaramar gaɓa a ƙasan ƙwaƙwalwa mai sarrafa sinadaran jiki): me gwajin jini ke nunawa?

In ana maganar gwajin jini bayan wannan tiyata, kowa ya fi mayar da hankali kan kotisol, sinadarin da ke taimaka wa jiki jure wahala, wanda fituwitari ke sa a samar da shi, kuma haka ya kamata, domin ƙarancinsa na iya kisa. Shawarar ita ce a auna shi da misalin ƙarfe 8 na safe, kwana 2 ko 3 bayan tiyata. In ya haura maikirogiram 15 a kowace desilita ta jini, galibi fituwitarin na aiki. In ya gaza 3, a fara ba da haidirokotizon, maganin da ke maye gurbin kotisol, ba jinkiri. Tsakaninsu kuwa, a ba da magani, a sake gwaji bayan mako 6. Amma fa maganin sitiroid da aka sha kafin a ɗebi jini yakan ɓata sakamakon. Ga mai cutar Kushin, wadda ke sa kotisol ya yi yawa a jiki, faɗuwar kotisol albishir ne.

Tayiroksin, sinadarin da gaɓar tayirod ta wuya ke samarwa bisa umarnin fituwitari, yakan daɗe cikin jini, don haka gwajin makon farko yaudara ne. A jira makonni 6.

Abin da na fi so a kula da shi: sodiyam, wato gishirin cikin jini. Yakan faɗi wajen kwana 7, bayan an sallami mara lafiya. In an ga ciwon kai, amai ko ruɗewa, alamun faɗuwarsa, a koma asibiti nan take.