Neman shawara: sensar matsin ƙoƙon kai ta yi tsalle daga 14 zuwa 25, mara lafiya kuma bai canja ba

Sista Mai Aikin Dare:
Assalamu alaikum. Don Allah masu aiki a ɗakin kulawa ta musamman ku agaza min, kaina ya ɗaure. Muna da mara lafiya, namiji, shekarunsa wajen 30, hatsarin babur, ba hular kwano. Ya zo GCS ɗinsa, wato ma'aunin hayyaci, 6 cikin 15, CT ya nuna ƙujewar ƙwaƙwalwa a gefen dama da kumburi, ba jinin da za a buɗe kai a kwashe. Da ƙyar danginsa suka haɗa kuɗin sensar, sai da suka yi kwana guda suna karo-karo. Irin siririyar wayar nan ce da ake sakawa cikin naman ƙwaƙwalwa, ba EVD ba, wato bututun da ake sakawa cikin kogon ruwan ƙwaƙwalwa. Yau kwananta biyar a kansa. Yana kan injin numfashi, ana ba shi maganin barci, kan gado a digiri 30, wuya a miƙe. Duk kwanakin nan lambar matsin tana yawo tsakanin mmHg 11 da 15. Da la'asar muka kai shi CT na biyu, muka dawo, muka canja zanin gado, ina ɗaga kai sai na ga 25. Ba hawa ta yi a hankali ba, tsalle ta yi, kuma tun lokacin tana tsakanin 24 da 26. Ƙwayoyin idonsa daidai suke, suna amsa haske, bugun zuciya 84, MAP, wato matsakaicin matsin jini, 85. Likitan da ke bakin aiki ya ce a ba da manitol, maganin rage kumburin ƙwaƙwalwa, na ba da, ta sauko 23 ta sake komawa. Yanzu ana maganar kashi na biyu. Kan ne ko na'urar ce?

Dakta Tiyatar Kai:
Wa'alaikumussalam Sista. Kin ba mu labarin karo-karo amma kin bar abin da ya fi muhimmanci: yaya zanen bugun yake a monita? Lambar ita kaɗai ba ta isa hukunci ba. Duk bugun zuciya yana fitar da tudu uku a zanen, P1, P2, P3. A kan da ke da sauran wuri P1 ne mafi tsawo. Idan ƙwaƙwalwa ta cika ta matse, P2 zai haye P1, kuma tazarar da ke tsakanin ƙasan bugun da samansa za ta ƙaru. Matsin gaske ba ya tashi da 11 ya bar zanen yadda yake. Idan kin ga zanen na jiya ne sak, an dai ɗauke shi an ɗora a sama, to sifilin sensar, wato inda take fara ƙirgawa, shi ne ya goce.

Kuma ki sani, irin wannan sensa sau ɗaya ake saita mata sifili, kafin a saka ta. Da ta shiga kai magana ta ƙare, ba yadda za a sake gwada ta da iska. Shi ya sa har gobe EVD ce abin dogaro, don ita kina iya buɗe makullinta ga iska ki sake sifili duk lokacin da kika yi shakka, ga kuma damar zubar da ruwan ƙwaƙwalwa. Me CT na biyun ya nuna?

Malam Injiniya:
Ranka ya daɗe ka riga ni. Sista, bi layin daga kai har akwatin da ke karanta sensar. Ranar da aka saka ta an tsoma bakinta a saman ruwa mai tsabta, akwatin ya ba da wata lamba mai adadi uku, ita ce shaidar sifilinta, ana rubuta ta a jikin mahaɗin da cikin fayil. Duk lokacin da aka cire waya aka mayar, kamar tafiya CT, akwatin zai nuna lamba ya nemi a tabbatar. In aka danna amincewa a kan lambar da ba tata ba, duk abin da za ta nuna daga nan a karkace yake. Duba wannan tukuna. Sai mahaɗin: jiƙewa, jini ko lanƙwasar ƙafa ɗaya na iya canja karatu. Sai ki gwada lambar akwatin da ta monitar gefen gado, in sun saɓa to tsakaninsu matsalar take, a sake daidaita su.

Akwai kuma tartsatsin wutar nan da bargo da zanin leda ke yi. Per Kristian Eide na Oslo da abokin aikinsa sun nuna a gwaji cewa irin wannan tartsatsi yana iya sauya sifilin sensa ya bar ta a sabon wuri. Mu da ke cikin hunturu, iska a bushe, kin ce canja zani kuka yi. Ban yanke hukunci ba, amma lokacin ya yi daidai da yawa.

Nas Ɗan Arewa:
Ni dai ban yarda a ɗora wa na'ura laifi da wuri ba. Ƙa'idar Brain Trauma Foundation ta 2016 ta ce a yi magani in ya wuce 22. MAP 85 a cire 25, saura 60, CPP, wato matsin da ke kai jini ƙwaƙwalwa, yana bakin iyaka ke nan, tunda 60 zuwa 70 ake so. Buɗewar ƙwayar ido da saukar bugun zuciya alamun ƙarshe ne, wanda ya jira su ya makara. Kwantar da shi da aka yi a teburin CT da jijjigar hanya kaɗai sun isa su tada matsi. A duba iskar jininsa, PaCO2, wato iskar kabon da ke cikin jini, ya tsaya 35 zuwa 40, a duba zazzaɓi da igiyar bututun wuya ko ta shaƙe jijiya. Ga shi ma injin gwajin iskar jini a yawancin wurarenmu kullum ba kayan aiki.

Dakta Tiyatar Kai:
Ɗan Arewa, tashin da jigila ke kawowa sauka yake yi bayan mintuna. Ko manyan igiyoyin hawan matsi da likitan Suwidin Lundberg ya bayyana a 1960 suna kai 50 zuwa sama ne, su yi minti 5 zuwa 20 su faɗo. Ba sa kafewa a 25 awa da awanni kamar an buga ƙusa. Manitol kuma ba ruwan sha ba ne. Mutum mai kilo 70 a kan giram 0.5 duk kilo, giram 35 ne, wato mil 175 na mai kashi 20 cikin ɗari. A yi ta maimaitawa a kan lambar ƙarya, fitsari ya kwashe ruwan jikinsa, matsin jini ya faɗi, ƙoda ta wahala, sai a jawo ainihin abin da ake gudu. Kafin kashi na biyu a auna sodiyam da kaurin jini, wato osmolality, kada kaurin ya haura 320. In kogon ruwan ƙwaƙwalwar bai rufe ba a saka EVD a huta.

Sista Mai Aikin Dare:
Dakta, ni umarni aka ba ni, ba zan ga 25 in naɗe hannu ba. Kuma sensar tana aiki, da na zuƙe masa majina ta hau 31 ta dawo 25. Akwati ɗaya tak muke da shi, ba a musanya ba. CT ɗin an ce kusan kamar na farko ne.

Malam Injiniya:
Hawanta lokacin zuƙe majina ya nuna tana raye, bai nuna sifilinta daidai ne ba. Sikelin da ya goce da kilo biyu ma yana motsi in an ɗora kaya. Tabbaci ɗaya ne: ranar da aka cire ta a mayar da bakinta saman ruwa kafin a kashe akwati, abin da ta nuna maimakon 0 shi ne gocewarta. Irin ta Spiegelberg mai jakar iska tana sake sifilinta da kanta duk awa, amma wa zai saya mana?

Hajiya Matron:
Masu yabon EVD ku faɗi nata aibin. Tiransdusarta, wato abin da ke auna matsin a waje, dole ta yi daidai da ɗan tudun gaban ramin kunne. Kuskuren santimita 10 ya haura mmHg 7, kuma duk ɗaga gado sai an sake aunawa. In ba a rufe magudanar ba kafin karatu, lambar banza ce. Kumfar iska ko gudan jini su kashe zanen, ga haɗarin shigar ƙwayar cuta, ga nas ɗaya a kan gado uku. A binciken da aka yi a Bolibiya da Ekwado, wanda ya fito a 2012 da marasa lafiya 324, waɗanda aka kula da su ta duba jiki da CT ba su bambanta sosai da masu sensa ba. 'Yata, ki duba idonsa duk awa, a sa na'urar hoton sauti a auna rigar jijiyar ido, milimita 3 bayan ƙwayar, a ga ko matsin ya tashi da gaske.

Dakta Tiyatar Kai:
Hajiya, wannan binciken bai ce a jefar da sensa ba. Sista, har yanzu ba ki gaya min zanen ba.

Sista Mai Aikin Dare:
Monitar ba ta ajiye zanen jiya ba, ba ni da abin gwadawa, a idona dai P1 da P2 kusan kai ɗaya. Takardar lambar ta ɓalle daga mahaɗin, a fayil ma ban gan ta ba, kuma ba ni na mayar da wayar ba. Dangi ba su da kuɗin EVD. Yanzu tana 26, likita ya rubuta kashi na biyu ƙarfe biyu na dare.