Da gaske maganin hawan jini ya fi aiki in an sha da dare?

Alhaji Sabo: Jama'a, an turo mini bidiyo, wai mai shan maganin hawan jini da safe asarar kuɗinsa yake yi. Ni kam na mayar da nawa bayan isha'i.

Hajiya Binta: Alhaji, in akwai mai sa fitsari a ciki, irin hydrochlorothiazide, ai ka sayo wa kanka tashin dare.

Malam Nura: Hajiya, maganar tana da tushe. Jinin mai lafiya yakan sauka da kashi 10 zuwa 20 cikin ɗari a lokacin barci, ya haura gab da asuba, sa'ilin da sinadaran jiki masu ɗaga jini, cortisol da aldosterone, suke sama. Shi ya sa bugun zuciya da shanyewar ɓarin jiki suka fi aukuwa da safe. Binciken Hygia a Sifaniya, 2019, kan mutum sama da 19,000, ya ce shan dare ya rage haɗarin kusan rabi.

Likita Amina: Malam, ka tsaya a 2019 ne. A 2022 aka fitar da binciken TIME a Birtaniya, mutum 21,104, an bi su shekara biyar da ɗoriya. Masu safe da masu dare babu bambanci a bugun zuciya, shanyewa ko mutuwa. Dama likitoci da yawa sun yi shakkar Hygia, ragin ya wuce hankali ga canjin lokaci kawai.

Malam Nura: To sinadaran da na ambata ƙarya ne?

Likita Amina: A'a, gaskiya ne. Amma maganin hawan jini irin amlodipine, misali, yana daɗewa a jini fiye da kwana guda, ba ruwansa da agogo. Kuma Hajiya ta faɗi daidai. Da dare ƙwaƙwalwa takan ƙara sakin vasopressin, wanda ke sa ƙoda ta riƙe ruwa, fitsari ya ragu, mutum ya samu barci. Da tsufa wannan ƙarin yakan yi rauni, dalili ɗaya ke nan da dattawa ke yawan zagawa cikin dare. In ka ɗora maganin fitsari a kai, Alhaji, kana kokawa da jikinka ne, ga haɗarin faɗuwa cikin duhu.

Malam Nura: Har yanzu ban gamsu ba. Akwai waɗanda jininsu ba ya sauka da dare sam, kuma an fi samun haka a baƙar fata. TIME kusan duk Turawa ne.

Likita Amina: Wannan hujja ce mai kyau. Sai dai gano irinsu sai da na'urar awon hawan jini ta awa 24, ba da bidiyo ba.

Alhaji Sabo: Na duba kwalin, akwai mai fitsarin a haɗe. Ai kuwa barcina ya lalace.

Hajiya Binta: Ka mayar safe, Alhaji, ka gaya wa likitanka ranar asibiti.

Malam Nura: In ya je ya tambaye shi batun na'urar ma.