Rigar sanyi mai hula da zif: shin nauyi ne ma'aunin inganci?

Mai Gwanjo, Wunti: Assalamu alaikum jama'a. Tunda iska ta fara kaɗawa, masu neman kayan sanyi sun fara cika kasuwa, bari in faɗi matsayata, mai ja ya ja. Rigar sanyi mai hula da zif ba a zaɓenta da ido, da hannu ake zaɓa. Ka ɗaga ta: in ta ja hannunka ƙasa, saya; in ka ji ta shafal, ajiye. Masu saƙa suna auna yadi da giram nawa ne a kowace murabba'in mita. Abin da bai kai 280 ba riga ce kawai mai dogon hannu da aka maƙala wa hula. Daga 300 zuwa 350 matsakaiciya ce. Daga 400 zuwa sama ita ce rigar sanyi ta gaskiya. Rigar babban mutum takan ci yadi wajen murabba'in mita biyu, kun ga mai 400 za ta kusa giram 800 a sikeli, kafin a sa nauyin zif. Zare mai yawa shi ne ɗumi, shi ne kuma daɗewa. Sauran zance duk ado ne.

Dillalin Yadi: Wa alaikumus salam Alhaji. Lissafinka daidai ne, hukuncin ne nake ja da shi. Ba zare ne yake ɗumama mutum ba, iskar da ta maƙale a tsakanin zaren ce. Ka juya rigar ka duba cikinta, iri biyu za ka gani. Akwai wadda cikinta zare ne a lanƙwashe, madauki-madauki kamar tawul. Akwai wadda aka taje madaukan da inji har suka tashi suka yi laushi kamar gashin ɗan rago. Wadda aka taje mai 300 ta fi mai madauki ta 380 riƙe ɗumi, alhali ta biyun ta fi nauyi a hannu. To ina ma'aunin hannu ya kai mu? Sannan nauyi ba ya gaya maka da me aka saƙa ta. Takardar da ke ɗinke a gefen ciki, wajen ƙugu, ita ce ke faɗa: auduga kashi nawa, foliyesta kashi nawa.

Mai Gwanjo, Wunti: Malam, rabin kayan dila an yanke musu wannan takarda, ko ta koɗe ba ta karantuwa. Wanda ya zo saye da me zai duba in ba hannunsa ba?

Dillalin Yadi: Da ashana. A nemi izinin mai kaya, a zaro ɗan zare daga bakin ɗinkin ciki, a ƙona. Auduga tana ci da wuta kamar takarda, warinta ma na takarda ne, ta bar toka mai laushi da za ka murje da yatsa. Foliyesta nannaɗewa yake yi yana gudun wutar, ya narke, ya bar ɗan dunƙule baƙi mai tauri. In ka ga toka da dunƙule tare, haɗi ne. Wannan ba ƙaramar magana ba ce a garinmu Bauchi, domin da asubar hunturu mutane na zagaye wuta a bakin mai shayi suna jin ɗumi. Tartsatsi ɗaya ya isa ya huda rigar roba, in kuma ta kama, narkewa take yi ta manne a fata. Ni abin da nake ba da shawara shi ne auduga 80, foliyesta 20. Audugar ta sha gumi, ɗan foliyestan ya hana ta motsewa da saki. Mai 50 da 50 tana saurin bushewa, amma ita ce ke yin ƙananan ƙulle-ƙullen zare a hammata da inda jaka ke gogawa, kuma a busasshiyar iskar nan tana ƙas-ƙas a jiki tana janyo ƙura.

Tela, Muda Lawal: Ku gafarce ni, ku biyun kuna ta yadi kun bar inda rigar take mutuwa. Da wuya a yar da irin wannan riga don yadinta ya ƙare. Zif ne ke fara tafiya, sai bakin hannu ya bi shi. Kuma Alhaji, nauyin da kake yabo shi ne ke kashe zif in ba a sa wanda ya dace ba.

Ka juya kan zif ɗin, galibi akwai lamba a bayansa. Lambar tana nuna faɗin haƙoran idan an rufe, da milimita. Lamba 3 ta siket ce da aljihu, ba ta da hurumi a gaban rigar sanyi. Lamba 5 ita ce daidai. Riga mai kauri sosai har 8 ana sa mata. Masu rage kuɗin aiki sai su ɗinka ƙaramin zif a yadi mai nauyi, kullum gefe biyu suna jan sa, wata biyu ya fara buɗewa ta baya.

Haƙoran kuma iri uku ne. Na ƙarfe yana da ƙarko, amma yana da tauri, yana tanƙwarewa a ciki idan mutum ya zauna, kuma da asuba sanyinsa na taɓa haɓa in ba a yi masa marfi a wuya ba. Na roba mai manyan haƙora bai damu da ƙura ba, shi ya fi dacewa da mu, sai dai haƙori ɗaya ya ɓalle an gama. Na nailan mai kama da murɗaɗɗiyar waya shi ya fi laushi da bin jiki, amma ƙura na shiga masa, kansa na saurin cinyewa.

Kafin ka biya, ga abin yi. Buɗe zif ɗin gaba ɗaya. Dubi ɗan ƙarfen ƙasa da ake zurawa a cikin gidansa, ka lura da ƙyallen da ke gefensa: in ya fara tsagewa ko zare ya fito, ajiye rigar ko ka rage kuɗin sabon zif a ciniki, don wannan wurin ba ya gyaruwa. Zura shi, ja sama da ƙasa sau uku. Sannan ka tsaya a rabi, ka kama gefe biyu ta ƙasan kan zif ɗin ka ja su a hankali. In haƙoran suka rabu, kan ya buɗe baki. Wannan kam da sauƙi: a matse shi kaɗan da filaya, gefe ɗaya sannan ɗayan, ko a sauya kan kawai da mai lamba iri ɗaya. In tauri ne kawai yake yi, a goga masa bakin fensir ko kyandir, kada a sa man inji, zai ɓata yadin ya kuma tara ƙura. Sunan YKK na kamfanin Japan ne da aka kafa a 1934, kuma aikinsu abin yarda ne, amma na jabu masu ɗauke da harufan sun yi yawa, saboda haka gwajin hannu ya fi karanta suna.

Mai Gwanjo, Wunti: Baba Tela, na karɓi maganar zif, ba ni da ja. Amma ai kai ma ka ce ana sauya shi. Zif kuɗinsa kaɗan ne, yadi kuwa ba a sauya shi. Don haka har yanzu yadi mai kauri ne jari.

Tela, Muda Lawal: Ana sauyawa, amma ba kowane hannu ba. Yadin saƙa yana miƙewa, ƙyallen zif ba ya miƙewa. In tela ya ja yadin a ƙarƙashin keke, zif zai fito yana igiyar ruwa daga wuya zuwa ƙugu, kuma guga ba ta kwantar da shi. Yadda ake yi: a wanke rigar ta gama motsewarta, a auna tsohon zif a sayo mai tsawonsa daidai, na manya yakan kama inci 26 zuwa 28, a manna siririn ƙyallen gam mai faɗin inci ɗaya a bakin yadin don kada ya miƙe, a kafa zif da allurar hannu tukuna, a rufe shi a tabbatar bakin aljihun dama da na hagu sun yi daidai, sannan a hau keke. Yadi mai 400 da ninki biyu a wuya, ƙaramin keke sai ya riƙa tsallake ɗinki.

Mai Wanki da Guga, Yelwa: Alhaji, a wajen wanki ma nauyi ba alheri ba ne. Audugar mai kauri in ta sha ruwa nauyinta ya ninka, sai a rataye ta da hula ko da kafaɗa a igiya, ruwan ya ja ta ƙasa, ta bushe da dogon jiki da wuya a sake. Dokar wankinta gajeriya ce: a rufe zif, a juya ta ciki waje, ruwan sanyi, omo kaɗan, ba bilic. A matse ba a murɗa ba. A ninka ta biyu a kan igiya ta tsakiyar jiki, a inuwa, a fito da hular da aljihu don can ne ruwa ke ɓuya. Ruwan zafi shi ke sa auduga ta motse ta bar zif da tsawonsa, daga nan igiyar ruwan da Baba Tela ya faɗa ke fitowa ko a sabuwar riga. Dutsen guga kada ya hau rubutun roba, kada ya hau haƙoran zif. Launi kuma, baƙa tana kyau a shago, amma kwana ɗaya na hazo ya isa ya mayar da kafaɗunta fari-fari. Ruwan toka, ruwan ƙasa da kore mai duhu sun fi rufa wa mai su asiri.

Hajiya Mai Shagon Kayan Maza: Yayana Mai Gwanjo, tambaya ɗaya zan yi maka: wa za ka sayar wa mai 400 ɗin, mutumin Bauchi ko mutumin Jos? Jos tana kan tudu wajen mita 1,200, mu muna wajen rabin haka. Nan a Disamba da Janairu asuba takan sauka ƙasa da digiri 15, amma kafin azahar an doshi 30. Ɗalibin da ya fita zuwa jami'a a Gubi da bakwai na safe da riga mai kauri, ƙarfe goma sha ɗaya ta zama kaya a hannunsa, ba ta shiga jaka. Amfanin zif ai shi ne wannan: a rufe da asuba, a buɗe rabi da hantsi, a cire da rana ba tare da mutum ya tuɓe hular kansa ba. Matsakaiciya da farar shimi ko ƙaramar riga a ciki ta fi kaurarra guda ɗaya biyan buƙata.

Kuma abin da ke sa riga ta yi wa namiji kyau awo ne. Harafin L na kayan Amurka ya fi L na kayan Sin girma nesa, don haka a bar harafi a ɗauki tef. A shimfiɗa rigar da ta yi wa mutum daidai, a auna daga hammata zuwa hammata, a ƙara inci ɗaya ko biyu. Ɗinkin kafaɗa ya zauna a kan ƙashin kafaɗa. Bakin ƙasa ya rufe bel, kada ya wuce tsakiyar aljihun wando. Bakin hannu a ja shi a saki: in ya koma nan take akwai roba a saƙarsa, in ya tsaya a buɗe to alwalar sati ɗaya, ana tura shi gwiwar hannu, za ta ƙarasa shi. Hular ta zama ninki biyu, ita ce ke tsayawa a bayan wuya da fasali, mai falle ɗaya kwanciya take yi kamar tsumma. In rigar na da babban rubutu, ta ciki da wandon su zama marasa ado.

Dillalin Yadi: Hajiya, a kan kaftani fa? Nan ne samari da dattawa ke saɓani.

Hajiya Mai Shagon Kayan Maza: Don sallar asuba ko fita kasuwa da sassafe, ba laifi, da sharaɗi: marar rubutu, launi mai duhu, awo ya ɗara na kullum da mataki ɗaya, hular ta kwanta a baya tunda akwai hula a kai. Amma shadda mai sitaci da hannun links, a'a. Bakin hannun rigar sanyi zai murƙushe shi, gashin cikinta ya manne a shaddar. Juma'a da ɗaurin aure, siririyar riga mai dogon hannu ake sawa a ƙarƙashin kaftani, ba a ɗora komai a kai.

Mai Gwanjo, Wunti: Hajiya, kin yi maganar mai tafiya a ƙasa. Mai hawa babur da asuba fa, ko maigadi da ke kwana a waje? Wannan ba ya neman abin da zai cire da hantsi. A ba shi matsakaiciya, ai an cuce shi.

Dillalin Yadi: Maigadi na ba ka shi, Alhaji, shi kam a ba shi mai kauri wadda aka taje cikinta, dama don masu aiki a sanyi kamfanin Champion ya fara yin masu hula a Amurka a shekarun 1930. Mai babur kuwa ban ba ka ba. Saƙa ce, ko ta kai 500 iska na ratsa ƙofofinta, ta kuma bi ta haƙoran zif ta daki ƙirji. Abin da zai tsare shi shi ne matsakaiciya a ciki, siririyar jaket ta leda mai tare iska a kai. Igiyar hular kuma a cusa ta ciki, haka ga duk mai aiki kusa da injin niƙa ko janareto.

Tela, Muda Lawal: In mai babur ɗin ba shi da halin jaket, akwai gyara. A ɗinka masa marfi a bayan zif ta ciki, faɗin inci ɗaya da rabi, daga ƙugu zuwa wuya, da yadi mai matsattsiyar saƙa ninki biyu, a lanƙwasa samansa ya rufe kan zif ɗin kada ya goge haɓa. A gefe ɗaya kawai ake kama shi, kuma ɗinkin ya bi tsohon layin zif, in ba haka ba kan zai riƙa cin ƙyallen duk lokacin da aka ja.